Dole ne sai na yi rubutu kullum kafin in gama littafi?

Sabon Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Akwai labarin da ya daɗe yana cin raina, na wata mata da ta gano bayan rasuwar mijinta cewa gidan da suke ciki ba nasa ba ne. Na cika littafi guda da sunayen mutanen labarin, shekarunsu, wa ya haifi wa, har gidan na zana ɗaki-ɗaki. Amma babi na ɗaya ko layi ban sa ba. Aikina na karɓa-karɓa ne, wannan mako dare, wancan rana, kuma duk inda na leƙa cewa ake marubucin gaske kullum yake rubutu, a lokaci guda. To ni ke nan jirgi ya bar ni? Kuma shirin nan, yaushe ake cewa ya isa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Masu cewa kullum ɗin ba da ka suke magana ba. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama, ya fara da karanta abin da ya rubuta jiya, sannan ya ajiye agogo a gabansa, kalma 250 duk minti 15. Awa uku ya tashi ya tafi aiki. Littattafan labari 47 ya bari. Kai ma yi lissafi: kalma 300 a rana, cikin kwana 200 ka tara 60,000, littafi ya haɗu. Nemi ko minti 20 ne, ɗana, ka riƙe.

Uwar Biyu:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma ka ɓoye masa rabin labarin. Trollope yana da bara da yake ƙara wa albashi musamman don ya tashe shi da asuba. Wa zai tashi wanda ya kwana a wurin aiki?

Ƙanena, ni ban taɓa iya kullum ba, kuma na gama littafi. Ranar da nake da sarari nakan zauna in yi mai yawa, har hannu ya gaji. Sauran ranaku abin da nake tsoro ɗaya ne, kada labarin ya huce. In ka yi mako biyu ba ka waiwaye shi ba, za ka dawo ka tarar ka manta yadda matar nan take magana, mai tsiwa ce ko mai haɗiye magana, sai ka ɓata zaman farko wajen neman muryarta. Shi ya sa ko a layin jiran mota nakan buɗe waya in karanta shafin ƙarshe, in jefa jimla ɗaya da wani zai faɗa a gaba. Wannan ba rubutu ba ne a lissafin Malam, amma shi ke riƙe ni.

Sai dabarar da Hemingway, marubucin Amurka, ya yi suna da ita: ka tsaya alhali ka san abin da zai biyo baya. Ni nakan tsaya a tsakiyar rigima ma, an ɗaga murya ba a ba da amsa ba. In na dawo ba na zama ina kallon farin shafi.

Batun shiri kuwa, ka yi haƙuri, zanen gidan nan ɓuya ce. Daɗi gare shi saboda ba a kuskure a cikinsa. Abu uku nake so ka sani: me matar take so, wa ya tare mata hanya, ina kake zaton za a ƙare. Na ukun ma zai iya canzawa, nawa ya canza. Faɗa mini, wa ya shigo mata da takardar gidan? Ranar nawa ga rasuwa? Wannan zaman nasu za ka rubuta, ko da ba shi zai zama babin farko ba.

Mai Gyaran Rubutu:
Wasu wa'adi ke motsa su, ba al'ada ba. Shi ya sa aka fara wata gasar rubuta littafi a Amurka a 1999, wadda daga baya aka mayar da ita watan Nuwamba, kalma 50,000 cikin kwana 30, wato kusan 1,667 a rana. Ban ce ka yi haka ba. Samu mutum ɗaya mai jiran babi duk ƙarshen mako, wanda za ka ji kunyarsa. Amma kada ka saki babi-babi a intanet tun yanzu. In ka kai babi na 20 ka ga na 2 yana son gyara, masu karatu sun riga sun haddace shi.

Sabon Alƙalami:
Na gode ƙwarai. Yaya Uwar Biyu, ƙanen mijin ne, kuma tun ba a share makoki ba. Wallahi sai da kika tambaya na gan shi tsaye a bakin ƙofa, takardar a naɗe cikin aljihu, ya kasa fito da ita. Ina da hutu jibi. Da bakin matar zan ba da labarin, ko in tsaya a gefe in ba da shi?

Uwar Biyu:
Rubuta zaman sau biyu, shafi ɗai-ɗai, ka karanta su da ƙarfi. Turo mini duka biyun.