Ƙura ɗaya muke shaƙa, amma ni ce ke kwana a zaune

Wata mai asma daga Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina yarinya nake da asma. Da hunturu ya shigo, ni da maigidana ƙura ɗaya muke shaƙa. Shi atishawa biyu ya wuce wurin, ni kuwa sai in kwana a zaune, ƙirjina na kuka kamar mage. Har yau gani yake raki ne. Don Allah masu wannan lalura, me kuka gani da ya bambanta ku da masu lafiya?

Wani malamin makaranta daga Zariya: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ba raki ba ne, awo ma yana nunawa. Likita ya sa na sayi ɗan bututun nan da ake hurawa da ƙarfi ya nuna lamba, ya ce in auna safe da yamma har sati biyu. Ƙanena mai lafiya shi ma ya riƙa hurawa. Lambarsa kusan ɗaya ce kullum. Tawa da asuba sai ta faɗi warwas, da la'asar ta hau. Ga babban mutum, in tazarar ta wuce kashi 10 cikin ɗari a kai a kai, alamar asma ce.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni ma ina da ita, kuma an yi mini gwajin huhu. An auna iskar da na fitar a daƙiƙar farko, aka ba ni salbutamol na shaƙa, wato shuɗin inhela mai buɗe hanyoyin iska, bayan minti 15 aka sake. Abin da ake dubawa shi ne ƙarin kashi 12 cikin ɗari da mililita 200. Nawa ya zarce haka. Mai lafiya da wuya ka ga canji, domin hanyoyin iskarsa a buɗe suke tun farko. Namu a kumbure suke ko ranar da muke jin garau, shi ya sa shuɗin inhela kaɗai ba ya isa. Yana buɗe hanya, ba ya sace kumburin.

Wani tela daga Maraɗi: Ni fitar da numfashin ya fi ba ni wuya, ba shaƙarsa ba. Turaren wuta da maganin sauro na igiya, na hana kunna su a ɗakina.

Mai asma daga Kano: Na gode ƙwarai, Allah Ya ba mu lafiya. Malam, zan nemo bututun nan, mu hura ni da maigidana da asuba ya gani da idonsa.