Rage sassa ko sauƙaƙa haɗawa: wace hanya ta fi gyara ƙirar kaya?

Injiniya Bashir: Ni matsayata ɗaya ce. Duk mai son kayan da yake ƙerawa su yi sauƙin haɗawa, hanyar Boothroyd da Dewhurst, masana biyu kan ƙirar kaya, ta ishe shi. Kowane sashe ka ɗauko, ka yi masa tambaya uku: yana motsi dabam da waɗanda aka riga aka haɗa? Dole ne a yi shi da wani abu dabam? Dole ne ya zama a ware don a iya haɗawa ko kwancewa? In duka a'a ce, a haɗe shi da na kusa da shi. Sukuru da washa kusan kullum faɗuwa suke yi a wannan gwaji.

Malama Sadiya: Injiniya, ai ba su kaɗai ke tace sassa ba. Hanyar kamfanin Lucas, wadda aka fitar tare da Jami'ar Hull a Ingila, tana raba su gida biyu, na dole da waɗanda ba na dole ba, kuma tana son na dole su kai kashi 60 cikin ɗari. Sannan ta auna wahalar ɗauko sashe dabam, wahalar zura shi dabam.

Injiniya Bashir: Maki take ba ki, Malama. Boothroyd daƙiƙoƙin haɗa kowane sashe yake bayarwa, ma'auninsa wajen daƙiƙa 3 ga sashe mai sauƙi. Daƙiƙa kuwa ana mayar da ita kuɗi, shi ne yaren da masu masana'anta ke ji.

Malam Isa: Ku gafarce ni, ni da hannuna nake haɗa kaya. Ba yawan sassa ke cin rai ba. Ka kifa murfi, ka danne sifirin da yatsa kada ya yi tsalle, ɗaya hannun na laluben ramin sukuru ta gefe, ido bai ganinsa. Shi ya sa nake ganin darajar hanyar kamfanin Hitachi: sashen da ake saukewa kai tsaye daga sama yana da maki 100, duk juyi ko turi ta gefe a rage masa.

Injiniya Bashir: Malam Isa, da an cire sukurun gaba ɗaya ai babu lalube.

Malama Sadiya: A cire shi a sa me? Ƙugiyoyin roba masu kamawa da kansu. Mazubin da ake zuba robar a ciki ya ƙara tsada ke nan, kuma ranar da ƙugiya ɗaya ta karye wurin buɗewa, murfin duka ya tashi aiki. Wannan asarar a kan mai saye take faɗawa, kuma tana damuna ƙwarai.

Injiniya Bashir: Tambaya ta uku ta tanadi kwancewa.

Malam Isa: Ta tanada, amma wa ke amsa ta? In mai zane ne kaɗai a teburin, zai ce ba dole ba ne a kwance. A zaunar da mai haɗawa da mai gyara kafin a cike takardar tambayoyin, sannan mu ga sukuru nawa za su faɗi.