Wane shokabzoba ya dace da Golf 3 don tseren burji?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan uwa. Golf 3 ce mai injin 1.8, taya mai noti huɗu, ana shirya ta don tseren 'yan sha'awa. Yawancin hanyar burji ce mai gargada, kwalta kaɗan. Shok ɗin da ke jiki yana aiki da farko, amma bayan minti goma motar sai ta fara rawa kamar kwalekwale, baya yana tsalle a kwana. Ina tsakanin KYB Excel-G, Bilstein B6, Koni Sport mai ruwan ɗorawa, da koyiloba (shok haɗe da sifirin mai zaren daidaita tsayi) masu araha da ake sauke mota da su. Wanne zan ɗauka?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Abin da ka kwatanta zafi ne. Shok ɗinka mai bututu biyu ne, kuma a gargada fistin yana hawa da sauka ba hutu, man ya yi zafi ya tsinke, ya cakuɗe da iska ya yi kumfa. Fistin da ke ratsa kumfa ba abin da yake riƙewa. Idan ya huce sai ya dawo daidai, shi ya sa gwajin danna mota a gareji ba ya tona shi.

Maganinsa mai bututu ɗaya. A cikinsa akwai wani fistin da ke raba mai da iskar naitirojin mai matsi sosai, sannan man yana jingine da bangon waje, zafi na fita da sauri. B6 irin wannan ne, an kuma yi shi don sifirin mai tsayin kamfani. Kar a ba ka Bilstein B8 a ce duk ɗaya ne, shi gajere ne, na motar da aka sauke. Excel-G kaya ne mai kyau, amma madadin na kamfani ne, a burji zai gaji kamar wanda ke jiki yanzu.

Oga Bakanike: Malam, koyiloba mai araha ka manta da shi. A burji tafiyar shok ita ce jarinka. Ka sauke mota santimita huɗu ko biyar, ka cinye rabon taya na hawa sama, sai motar ta riƙa zama a kan robar tsayarwa, wadda ke tare shok a ƙarshen tafiyarsa. Daga nan duka yana wucewa kai tsaye zuwa kofin sama, inda kan shok ke ɗaure a jikin mota, ƙarfen ya kumbura ko ya tsage, ga kaskon man inji ya matso kusa da dutse. Zaren daidaita tsayin ma ƙura da laka suna cinye shi har ya ƙi juyawa. Bar ta a tsayinta, ka sa farantin kariya a ƙarƙashin inji.

Ɗan Kwalta: Ni dai ba zan yar da Koni ba. Bututu biyu ne, gaskiya, amma ana daidaita ƙarfin dawowarsa, wato miƙewarsa bayan ya matsu, kuma mota mai jan gaba irin Golf tana yawan tura hanci waje a kwana. Ka ƙara wa baya tauri kaɗan, sai ta fi yarda ta juya. Ka fara daga mafi laushi, ka ƙara rabin juyi, ka zaga, ka sake. Sai dai ka tambaya kafin ka biya, wasu sai an kwance su an danne har ƙasa kafin su daidaitu.

Injiniya: Haka ne, idan kwalta ta fi yawa. A gargada kuwa, dawowa mai tauri tana hana sifirin miƙewa kafin tudu na gaba, motar ta yi ta nutsewa har ta kwanta a kan roba. Tunda ya ce burji, B6 huɗu.

Oga Bakanike: To ga ɗauri, nan ake ɓata kaya mai tsada. Saya da lambar shasi, don na Golf 3 samfurin GTI da VR6 masu noti biyar ba lallai su yi daidai da naka ba. Jabu sun yi yawa a kasuwa, na Beljiyam kuwa ba ka san nisan da ya yi ba. Canza robar kan shok da boris ɗinta, robar tsayarwa da rigar ƙura. Duba boljoyin, tayirod da bushin ɗin gatarin baya, in sun mutu sabon shok ba zai ɓoye su ba.

Matse sifirin da abin matse shi, ba da waya ko igiya ba. Kar yaro ya kama sandar shok da filaya, ƙarzon yana yanka sil, mai ya fara zuba. Notin sama da sifanar hannu ake ɗaure shi, bindigar iska tana juya sandar ta kwance fistin a ciki. Notin ƙasa na baya sai motar ta zauna a kan tayoyinta, in ka ɗaure a kan jak bushin ɗin zai murɗe ya yage. A gaba, notuna biyun da suka haɗa shok da hob su ne ke riƙe karkatar taya, ka yi musu alama kafin kwancewa, sannan ka kai alaimen.

Mai Golf: Allah ya saka da alheri. Idan kuɗin biyu kawai ya samu, gaba zan fara?

Injiniya: Jira su cika huɗu, ɗan uwa. Gaba mai ƙarfi da baya mai kumfa shi ne motar da ke juya maka wutsiya in ka taka birki a kwana.