Ina 'yan asalin ƙasa a tsofaffin labaran Ostireliya?

Hadiza: Jama'a, me ya sa tsofaffin ƙagaggun labaran Turawan Ostireliya suke nuna daji kamar babu kowa, alhali 'yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru a cikinsa?

Malam Sani: Malama, adabin ya bi sawun doka ne. Tun saukar Turawan Ingila a 1788 ake ɗaukar ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, sai a 1992 Babbar Kotu ta rushe wannan a shari'ar Mabo, ƙarar da Eddie Mabo, wani ɗan asalin ƙasa, ya shigar kan mallakar fili. Marubucin da ke yabon makiyayin tumaki a kan filin da aka ƙwace ba ya son mai filin ya buɗe baki.

Bala: A New Zealand kuwa, yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda Birtaniya ta ƙulla da shugabannin Maori ('yan asalin ƙasar), ta ambaci Maori ƙarara, saboda haka share su daga labari ya fi wuya.

Hadiza: Na gode, malamai.