Aikin kai ne ya fi na wani wuya, ko dai ni ce?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah kar a yi min dariya. Kun san bayan ƙaramar Salla na bar mashgal ɗin (shagon ɗinkin mata) da nake aiki a nan Makka, na dawo gida ina ɗinkina. Lokacin da nake ƙarƙashin wata, ko zazzaɓi nake sai na fita dawam, wato aiki. Yanzu keke nawa, riba tawa, amma sai in wuni ban taka shi ba. Yaduka jibge a kan kujera, masu kaya na kira ina cewa gobe. Ba ciwo nake ba, zuciyar ce kawai ta ƙi. Ku masu aikin kanku, yaya kuke yi?

Ummu Rayyan: Wa alaikumus salam. Wallahi ciwona kika faɗa. Na shimfiɗa tabarma ina jiran amsa tare da ke.

Baba Tela Misfala: Ɗiyata, ƙarfe nawa kike kwanciya?

Maman Ilham: Baba za ka tona ni. Sai na yi Asuba.

Baba Tela Misfala: To ai kin ba kanki amsa. Tun azumi kika juya dare ya koma rana, ba ki juyo da shi ba, ga shi har an sauke Hajji. Halin garin nan ke nan. A mashgal agogon wata ne yake tashinki, yanzu babu mai tashinki sai ke. Ni abin da na riƙe tun ina saurayi: yanka da dare, ɗinki da safe. Kafin in kwanta na yanka kayan gobe, na jera su kusa da keke, na sa zare a allura. In na dawo daga masallaci ba na tsayawa tunanin da wanne zan fara, zama kawai zan yi. Wannan tunanin na "da wanne zan fara" shi yake cinye safiya, ba ɗinkin ba.

Malam Ɗalibin Madina: Baba ya yi gaskiya. Hadisin Sakhr Al-Gamidi yana nan a Abu Dawud da Tirmizi, Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Shi Sakhr ɗin ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa, kuma ya yi dukiya mai yawa. Sannan ki lazimci "Allahumma inni a'uzu bika minal ajzi wal kasal", tana cikin Bukhari.

Hajiya Mai Lalle: Malam ba musu nake da hadisi ba, amma a duba sana'a. Ni amaryata sai bayan Magariba take miƙo hannu, biki a ƙasrul afrah (zauren biki) sai goshin Asuba ake watsewa. In ka ce in yi sammako, da wa zan yi? Ni na yanka wa kaina daga La'asar zuwa sha biyun dare, kuma ko uwata ce ta kira da Azahar ba na ɗagawa. Abin da ya kamata Maman Ilham ta samu shi ne lokaci tsayayye, ko safe ne ko dare.

Malam Ɗalibin Madina: Hajiya, kiran mahaifiya dai a riƙa ɗagawa.

Hajiya Mai Lalle: Ta rasu tun ina Kano Malam, misali nake.

Malam Ɗalibin Madina: Allah ya jiƙanta, a yi min afuwa.

Ummu Rayyan: Amin.

Abu Fahad Jidda: Anti, ni zanen talla nake wa mutane a kwamfuta, kusan duk kwastomomina Kano da Abuja suke. Mun riga su da awa biyu, to in sun natsu bayan Isha sun fara turo gyara, nan sha biyu ta gota. Haka na yi ta kwana a kan waya. Abu biyu suka taimake ni. Na farko na koma WhatsApp Business na saita saƙon da yake ba da amsa da kansa in na tashi daga aiki, kowa ya san sai gobe. Na biyu tsarin nan na Pomodoro: ki saita minti 25, ba waya ba tashi, in ya kaɗa ki huta minti 5, in kin yi zagaye huɗu ki yi dogon hutu. Wani ɗan Italiya ne ya fito da shi, da agogon kicin mai siffar tumatir. Amfaninsa ba ki yi wa kanki alkawarin wuni ba, minti 25 kawai. Amma wayar a wani ɗaki za ki bar ta, ki sayi ƙaramin agogo a shagon abu riyalain, mai kayan riyal bibbiyu.

Ɗan Jarwal: Yanzu har tumatir sai an kawo mana daga Italiya kafin mu yi aiki?

Abu Fahad Jidda: Kai da kake barci har Juma'a ta wuce ka, da ka yi shiru.

Ɗan Jarwal: Sharri. Ranar a Jidda na yi salla.

Maman Ilham: Minti 25 ko hannun abaya ɗaya ban gama ba ai.

Abu Fahad Jidda: Farawar ake nema Anti. In kin zauna, yawanci ba za ki so tashi ba.

Alhaji Mai Kargo: Bari in sa baki tun kafin wani ya ce ki kama shago, don na san nan maganar za ta je. Ni ma irin wannan mutuwar zuciyar ta same ni lokacin da nake haɗa kayan mutane daga gida. Sai ake ta ce min ai gida ne matsalar, in akwai haya a wuyanka dole ka fita. Na ji. Ni ba ni da damar buɗe sijil (rajistar kasuwanci) da sunana, sai wani ɗan ƙasa da muke gaisawa ya ce ya ba da sunansa, in riƙa ba shi wani abu duk wata. Na zuba abin da na tara: kuɗin haya, kanta, sikeli, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), fenti. Gaskiya watannin farko na fita kullum, don tsoron haya ya fi bulala. Da ya ga wurin ya kankama, sai kuɗin wata ya ƙaru. Ya sake ƙaruwa. Daga nan ya kawo ɗan ƙanwarsa ya zaunar a kan kanta wai yana koyon aiki. Ranar da na ce a zauna a yi lissafi, ya ce wane lissafi, takarda sunan wa take ɗauke da shi? Washegari na tarar an sauya kwaɗo. Ina zan kai ƙara? Abin da muka yi shi ake kira tasattur, kuma dokar da ta fara aiki a 2021 hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a fitar da shi daga ƙasar. In na buɗe baki kaina zan fara kaiwa. Har kayan mutane da ke ciki sai da na bi ta hannun dattawa kafin a fito min da su, wasu katan ɗin a buɗe. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, kasalar da na gudu ba ta je ko'ina ba, a shagon ma zama nake ina latsa waya tsakanin kwastoma da kwastoma. Don haka duk shawarar da za ta sa ki fitar da jari don ki tilasta wa kanki aiki, ki bar ta inda kika ji ta.

Ummu Rayyan: Inna lillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Baba Tela Misfala: Na san lokacin. Har rama ka yi.

Bint Makka: To ai akwai wasiƙar amal hurr, wato takardar izinin aikin kai, ta intanet ake cirewa, ba sai shago ba. Ni da ita nake sai da turaren wuta.

Alhaji Mai Kargo: Ke kina da jinsiyya ƙanwata. Wannan takardar ta 'yan ƙasa ce, mu baƙi masu igama (takardar zama) ba mu ciki.

Bint Makka: Ni dai na faɗi abin da na sani, ba gori na yi ba.

Alhaji Mai Kargo: Ban ce kin yi ba.

Hajiya Mai Lalle: A bar zancen takardu a nan don Allah, zaure ne mai mutane da yawa.

Sista Mumarrida: Maman Ilham, kin ce ba ciwo kike ba, amma kin auna jini? Mata da yawa a nan suna fama da ƙarancin bitamin D duk da ranar da ake ƙwallawa, don daga mukayyif sai mota, fata ba ta ganin rana. Ga ƙarancin jini, ga matsalar maƙoƙo, duk suna kawo gajiya da nauyin jiki. Awo ɗaya zai nuna. Sannan in ya wuce sati biyu ba ɗinki kaɗai ba, har abinci da hira da ziyara duk sun fita daga ranki, wannan ba lalaci ba ne, ki ga likita. Ko ki kira 937 na ma'aikatar lafiya su yi miki bayani.

Maman Ilham: Abinci kam bai fita daga raina ba Sista.

Ɗan Jarwal: Alhamdu lillahi, gidan abincin Albaik bai yi asarar kwastoma ba.

Inna Ta Karantina: Ni abin da nag gani, kaɗaici na. Da muna unguwar Karantina ta Jidda, ƙofa buɗe take, wagga ta shigo da tsinkar zogale, waccan ta zo da saƙa, kina aiki kina hira ba ki san rana ta faɗi ba. Tun da anka yi rusau a 2022 munka watse, kowa ya shige shigga (fulat) ya kulle. Ina yin dambun nama da yaji na sayarwa, amma ranar da nike ni ɗai, ko turmi ban iya ɗauka. Ke ma a mashgal ba tsoron mai wurin kaɗai ka tashe ki ba, akwai 'yan uwa da kike zama cikinsu. Ki samu wadda za ku zauna tare, ko da ita wani aiki daban taka yi.

Ummu Rayyan: Inna kin taɓo wurin. Ni ko muryar mutum nake nema sai in kunna rediyon Hausa a waya, daga nan kuma sai TikTok, shi ke nan an tafi.

Maman Walid: Ba wanda ya ambaci baƙi. Duk wanda ya ji kina aiki a gida ya ɗauka zaman banza kike. Umara na buɗewa waya za ta fara: ƙanwar kishiyar gwaggo ta sauka, a zo a kai ta Tan'im ta ɗauko harami, a raka ta kasuwar Balad ta Jidda ta sayi atamfar da daga Kano ma akwai ta, a taya ta ciniki don ba ta jin Larabci. Wuni ya tafi, ki dawo ƙafa a kumbure. In kin ce kina da aiki a kai labari gida cewa Makka ta sauya ki.

Hajiya Mai Lalle: Ni rana ɗaya na ware musu, Asabar. Wanda jirginsa bai dace da Asabar ba, Allah ya karɓi ibada.

Malam Ɗalibin Madina: Hidimar baƙin Allah akwai lada fa.

Maman Walid: Akwai Malam, mai gidan haya ne dai ba ya karɓar lada.

Baba Tela Misfala: Wani abu kuma, da can in an kira salla kowa ya ja ƙofar shago, wunin ya rabu gida-gida da kansa. Ka san daga Azahar zuwa La'asar ga abin da za ka gama. Tun 2021 da aka bari shaguna suna zama a buɗe, sai ka ga yaro yana aiki ba farko ba ƙarshe. Ni har yau da kiran salla nake awo. Kuma tsakar rana ba na taɓa keke. Hukuma ma ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ni wane ne da zan ƙi ƙailula?

Abu Fahad Jidda: Baba wannan na masu aiki a waje ne, kai kana cikin sanyi.

Baba Tela Misfala: Tsufa ma rana ce, yaro.

Bint Makka: Ki riƙa karɓar arbun (kafin alƙalami) ki faɗi ranar karɓar kaya. Kuɗin mutum a hannunki ba zai bar ki ki yi barci ba.

Maman Walid: A'a. Arbun ne yake kashe tela. An cinye kuɗin tun kafin a yanka yadi, in an zo ɗinkin sai ka ji kamar kyauta kake yi. Gara adashi. Ki shiga mai zubi duk sati, kuɗin kuma daga ɗinki kaɗai, ba daga na cefane ba. Kunyar uwar adashi ta fi kowane agogo.

Maman Ilham: Wannan ta shige ni. Arbun ɗin ma yana cikin abin da ya sa nake gudun wayata yanzu.

Maman Walid: Af, tunda ana maganar arbun. Baba Tela, jallabiyar Baban Walid tun Sha'aban.

Ɗan Jarwal: Yanka da dare, ɗinki da safe!

Baba Tela Misfala: Yadin da ya kawo bai kai ba, na faɗa masa. Ya ƙara ƙiba ya ƙi yarda.

Maman Walid: Zan isar da saƙo yadda ka faɗa.

Baba Tela Misfala: Ki cire maganar ƙibar.

Ummu Rayyan: Maman Ilham, ni ina Rusaifa, ba mu da nisa. In kin yarda in riƙa zuwa da kayan kwalliyar duwatsuna bayan na kai yara makaranta, ke kina keke ni ina liƙi. Sharaɗi ɗaya, wayoyi a kicin.

Maman Ilham: Ki zo Lahadi. Amma ki buga ƙofa da ƙarfi.

Hajiya Mai Lalle: Ku biyun nan hira za ku yi, ina nan.

Inna Ta Karantina: Adashin fa, wa za ya riƙe? In Maman Walid ta, ni ina ciki, amma ɗauka ta farko tawa ta.

Maman Walid: Inna ba a fara ba har kin ɗauka? Ƙuri'a za a yi.

Bint Makka: Alhaji Mai Kargo, nawa kilo zuwa Kano yanzu? Ina da katan biyu na turare.

Alhaji Mai Kargo: Na ruwa ne ko na wuta? In akwai na ruwa a ciki ki kira ni tukuna, ba kowane jirgi yake ɗauka ba.