Fedal ko manhaja: wa ya fi iya juya muryar jita?

Baba Mai Jita: Salamu alaikum. Jiya a wurin biki na ga wani yaro ya ɗora kwamfuta kan kujerar roba, ya jona jitarsa, yana so kwamfutar ta sauke masa sauti ya koma na bes, wato jita mai kaurin murya, ta kuma yi masa murya ta biyu. Na tsaya na saurara. Duk sanda ya taɓa tsirkiya sai sautin ya fito a makare, mai ganga yana ta kallon hannunsa yana neman inda zai kama. Abin ya dame ni, don yaron ya iya kiɗa. Maganata ɗaya ce: wajen ɗaga murya da sauke ta, fedal, wato ƙaramin akwatin da makaɗi yake takawa da ƙafa ya juya sautin jita, ya fi manhajar kwamfuta nesa ba kusa ba. Shekara goma sha ɗaya ina taka fedal ɗin da ake kira Whammy, bai taɓa ba ni kunya a gaban jama'a ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban yarda ba. Whammy ɗin da kuke takawa ai shi ma ƙaramar kwamfuta ce a cikin jan ƙarfe. Tun da kamfanin DigiTech ya fito da shi a 1989 lissafi yake yi: ya mayar da sauti lambobi, ya yayyanka, ya sake ɗinkewa. Haka H910 na kamfanin Eventide yake tun 1975, wanda daga gare shi sunan Harmonizer, wato na'urar ɗora murya ta biyu, ya bazu. Waɗanda ba sa lissafi su ne irin Octavia da Roger Mayer ya haɗa wa Jimi Hendrix, da Boss OC-2 na 1982, kuma shi OC-2 in kun kaɗa tsirkiya biyu tare sai ya rikice, murya ɗaya kawai yake iya bi.

Baba Mai Jita: To in duk lissafi ne, me ya sa yatsana yake jin bambanci? Kunne yana iya ruɗuwa, yatsa ba ya ƙarya.

Injiniya: Gaskiyarku ne, akwai abin da kuke ji, jinkiri ne. Babbar tsirkiyar jita tana kaɗawa kamar sau 82 a daƙiƙa, wato zagaye ɗaya yana cin milisakan 12 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Duk na'urar da za ta gane muryar da aka kaɗa sai ta jira ta ji zagaye ɗaya ko biyu tukuna. Wannan harajin fedal yana biya, manhaja tana biya. Inda kwamfuta take ƙara nata shi ne wurin tara sauti kafin ta sarrafa shi. In an saita wannan ma'ajin ya tara guntayen sauti 128, ana aiki da guntaye 48,000 a daƙiƙa, bai kai milisakan 3 ba a shiga, haka a fita. Amma in an bar shi a 1024, ya haura 21 a shiga, 21 a fita. Sauti a iska yana cin kusan mita ɗaya a milisakan 3, kun ga kamar yaron ya tsaya ne mita goma sha huɗu daga sifikarsa. Saiti ne ya kayar da shi, Baba.

Mai Studiyo: Ni a nawa ɓangaren wannan gardamar ba ta ma taso ba. Ina ɗaukar jita tsurarta, mawaƙi ya tafi gida, sannan in zauna in sauke ta ko in ɗora mata murya ta biyu. Ba wanda ke jiran sauti, don haka manhaja tana da lokacin da za ta saurari jimlar gaba ɗaya ta yi aiki mai tsabta. Kuma in gobe mai waƙa ya dawo ya ce murya ta biyun ta yi masa yawa, sai in cire. Wanda ya ɗauka ta cikin fedal kuwa ya riga ya zuba gishiri a miya. Makon jiya wata mawaƙiya ta ce kiɗan ya yi mata sama, na sauke jitar da taki ɗaya ba tare da an sake kiran makaɗin ba.

Baba Mai Jita: Wannan gyara ne, ɗana, ni kiɗa nake magana. Bes ɗin da duniya ta haddace a waƙar "Seven Nation Army" ta 2003 ba bes ba ne, jitar Jack White ce ta bi ta Whammy aka sauke ta oktaf guda, wato muryar nan dai amma a ƙasa, kamar daga Do zuwa Do na ƙasa. Ka saurari Tom Morello, wannan kukan da jitarsa take yi ƙafarsa ce take jan shi sama tana dawo da shi. Ɗan rawar muryar da tsohon Whammy yake yi, wanda kai za ka kira aibi ka goge, shi mutane suke nema da kuɗinsu. Da linzamin kwamfuta za ka taka wannan?

Injiniya: Ana jona abin takawa a kwamfuta, Baba, manhajojin Guitar Rig da AmpliTube duk suna karɓa. Sai dai na yarda kayan sun ƙaru: kwamfuta, akwatin shigar da sauti, wayoyi, caja. Kowanne ƙofa ce da matsala za ta iya shigowa.

Ɗan Agadas: Yayyena, ku bar ni in sa baki. Mu a wurin bikinmu janareta ne da ƙura, wuta tana hawa tana sauka, rana ta dafa komai. A nan ina bayan Baba, ƙarfe ya fi jure wahala. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba wannan ba ne. Na ari Boss PS-6, fedal mai ɗora murya ta biyu, wajen wani aboki, sai fedal ɗin ya tambaye ni ma'aunin Turawa, wato jerin muryoyinsu guda bakwai. Mu kuwa biyar muke bi: La, Do, Re, Mi, Sol. Na kaɗa Re, ya ɗora mini Fa. Na kaɗa Sol, ya ɗora mini Si. Muryoyin nan biyu ba sa cikin kiɗanmu, da sun fito sai waƙar ta zama baƙuwa, tsofaffi ma suna ɗaga kai. Na kashe shi na koma barin tsirkiya ɗaya a sake tana amsa mini kamar yadda muka gada.

Mai Studiyo: Yauwa, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shi ya sa da hannu nake jera murya ta biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya: Akwai mafita, ƙanena. Manyan na'urorin Boss na jerin GT suna barin mutum ya tsara ma'auninsa, ya ce in na kaɗa kaza, ki amsa da kaza. Ƙaramin fedal mai maɓallai kaɗan ne ba shi da wannan sararin. Ka ga a nan wanda ya fi yawan lissafi shi ya fi kusa da kiɗanku.

Baba Mai Jita: Ban sauka daga maganata ba a kan dandali. Amma wannan ta muryoyi biyar ban taɓa lura da ita ba, don ni oktaf kaɗai nake amfani da shi, shi kuwa ba ya fita daga ma'auni. Injiniya, ka zo da kwamfutarka ranar Asabar bayan la'asar, ka saita ta a 128 ɗin da kake faɗa, ni zan kaɗa da hannuna.

Ɗan Agadas: In za ku tsara ma'aunin, Baba, me za a ɗora wa Re? Mi ya yi kusa da yawa, suna gogar juna.

Baba Mai Jita: Sol za ka ɗora mata. Sol kuma ka ba ta Do na sama, ka kaɗa a hankali ka turo mana mu ji.