Giya kafin shekara 21 a jami'o'in Amurka: hukuncin gyara yaro yake yi ko rusa shi?

Baban Yusra: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ke ci wa iyaye da yawa tuwo a ƙwarya, ina so masana a cikinmu su duba ta. A Amurka ɗan shekara 18 yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja, yana sa hannu a kan bashin karatu na dubban daloli, amma in aka same shi da gwangwanin giya ɗaya a ɗakin kwanansa na jami'a kafin ya cika 21, sai a rubuta sunansa. Makarantu da yawa tsarin hawa uku suke bi. Karon farko gargaɗi da tara da wani kwas a intanet. Na biyu a sa masa ido na tsawon zango ko shekara, a sanar da iyaye. Na uku a fitar da shi daga ɗakin kwana ko a dakatar da shi, kuɗin da aka biya kuma sau da yawa ba ya dawowa. Ba giya nake karewa ba, haramun ce, babu mai ja. Amma na ce hukuncin ya fi laifin girma.

Kawu: Wa alaikumus salam. Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Wannan doka ba daga sama ta faɗo ba. Da aka mayar da shekarun zaɓe 18 a 1971, jihohi da yawa sun sauke shekarun shan giya zuwa 18 ko 19, haɗarin mota na matasa ya ƙaru, shi ya sa a 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce jihar da ba ta mayar da shi 21 ba za a yanke mata kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina manyan hanyoyi. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba gwamnatin tarayya gaskiya a 1987, zuwa 1988 kowace jiha ta bi. NIAAA, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken illar giya, ta taɓa ƙiyasta cewa ɗalibai kusan 1,500 'yan shekara 18 zuwa 24 ke mutuwa duk shekara a haɗurran da giya ta jawo. Wanda ya ga wannan adadi ba zai kira dakatarwar zango ɗaya zalunci ba. Kuma jami'a ba ta da zaɓi: wata dokar tarayya ta 1989 kan giya da ƙwaya a makarantu ta ɗaure duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya da ta hukunta masu wannan laifi.

Barista: Kawu, gyara kaɗan. Dokar 1989 ta ce makaranta ta rubuta ƙa'idojinta, ta raba wa ɗalibai duk shekara, ta hukunta mai laifi ba tare da son kai ba, ta kuma sake duba shirin duk shekara biyu. Ba ta ce “karo uku a kora” ba. Wannan zaɓin makarantar ne, don haka Alhaji yana da wurin tsayawa.

Abin da iyaye suka fi ruɗewa a kai shi ne hukunci biyu ne, kowanne da hanyarsa. Akwai na kotu, akwai na makaranta, kuma wankewar ɗaya ba ta wanke ɗaya. Na kotu ya danganta da jiha. A Taksas, karon farko tara ce da ba ta wuce dala 500 ba, aikin al'umma awa 8 zuwa 12, ajin wayar da kai, da riƙe lasisin tuƙi kwana 30, ko da yaron bai taɓa sitiyari ba a daren. Karo na uku ana iya kaiwa ga ɗaurin kwana 180. A Mishigan kuwa tun farkon 2018 karon farko ya daina zama laifin da ke shiga kundin masu laifi, tara ce da ba ta wuce dala 100 ba. Gwangwani ɗaya, sakamako biyu.

A ɓangaren makaranta babu alƙali. Jami'in ladabtarwa ne ko kwamiti, kuma galibi ba a buƙatar hujjar da ta kawar da shakka, ya isa a ga zargin ya fi kusa da gaskiya fiye da ƙarya. Shi ya sa yaron da kotu ta sallama zai iya komawa makaranta ya tarar da takardar dakatarwa.

Baban Yusra: Na gode, Barista. Kawu, ba iyaye kaɗai ke wannan kuka ba. A 2008 shugabannin jami'o'i sama da 130 suka sa hannu a takardar Amethyst, wadda John McCardell, tsohon shugaban kwalejin Middlebury, ya jagoranta, suna cewa a sake tattauna batun 21 ɗin, domin ya kora shan giya zuwa bayan ƙofa inda babu babba mai gani.

Kawu: Sun sa hannu, amma babu jihar da ta sauya doka saboda su. Kira suka yi a tattauna, ba hujja suka kawo cewa saukewar za ta rage mutuwa ba.

Hajiya Dokta: Ku bar ni in kawo abin da ya fi damuna, domin gardamar 18 ko 21 ba ita ke kashe yara a ɗakin kwana ba. Jinkirin kiran motar asibiti ne.

Ga yadda abin yake. Ma'auni ɗaya na giya a Amurka giram 14 ne na tsantsar barasa: gwangwanin mililita 355 mai kashi 5, ko mililita 44 kacal na mai ƙarfi irin wiski mai kashi 40. Yaron da ke tsoron a gan shi da gwangwani a waje sai ya kulle ƙofa ya kwankwaɗi mai ƙarfin, ma'auni shida ko takwas cikin rabin awa, kafin ya fita. Hanta kuwa kusan ma'auni ɗaya take iya sarrafawa a awa, kofi ko wankan ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Giyar da ke cikin ciki tana ci gaba da shiga jini bayan yaron ya sume. Abokai su kwantar da shi rigingine su ce bari ya yi barci ya wartsake, alhali barasar ta kashe masa tarin da ke kare maƙogwaro, in ya yi amai sai ya shaƙe.

Alamomin da ba a jira a kansu: an girgiza shi bai farka ba, numfashi ƙasa da takwas a minti, ko tazarar daƙiƙa goma tsakanin numfashi biyu, leɓe ya yi shuɗi, jiki ya yi sanyi da gumi, ko farfaɗiya. A juya shi kan gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama ta tokare ƙasa, a kira 911, lambar gaggawa ta Amurka, kada a bar shi shi kaɗai.

A Fabrairun 2017 Timothy Piazza, ɗan shekara 19 a Jami'ar Jihar Fensilbaniya, ya faɗo daga matakala bayan an ɗura masa giya a bikin shiga ƙungiyar ɗalibai. Sai bayan kusan awa 12 aka kira taimako, ya rasu. Duk ƙa'idar da za ta sa ɗan shekara 19 ya riƙe waya yana lissafin dakatarwarsa yayin da abokinsa ke kwance, to akwai gyara a cikinta.

Kawu: Allah ya jiƙan na ƙasa. Amma Hajiya, waɗancan ba tarar dala 100 suke gudu ba, laifin azabtar da sabon shiga suke ɓoyewa. Kuma in aka ce duk wanda ya kira an yafe masa, ai an buɗe ƙofa ke nan.

Malam Mai Kula da Ɗalibai: Kawu, afuwar ba haka take aiki ba. Jami'ar Cornell ta fara nata tsarin afuwa ga wanda ya kira motar asibiti tun 2002, yanzu makarantu da jihohi da yawa suna da irinsa, kuma da sharuɗɗa. A dokar Taksas ta 2011, wanda ya fara kira ne ke samun kariya, sai ya tsaya a wurin har ma'aikata su iso, ya kuma ba su haɗin kai. Kariyar ta tsaya kan sha da mallaka. Ba ta rufe tuƙi cikin maye, ko duka, ko sayar wa yara ba. A makarantu kuma wanda aka kai asibitin ba sakinsa ake yi haka nan ba, dole ya zauna da mai ba da shawara.

Nan ne ma nake ganin Alhaji ya yi gaskiya rabi. Abin da bincike ya nuna yana rage sha shi ne irin shirin BASICS da aka ƙirƙira a Jami'ar Washington: zama biyu na kamar minti 50, a na farko a tambayi yaron nawa yake sha da yaushe, ya je ya riƙa rubutawa, a na biyu a nuna masa lissafinsa kusa da na sauran ɗalibai. Yawanci suna zaton kowa ya fi su sha, sai su ga ba haka ba ne. Lacca zalla a kan illar giya ba ta cika canza hali ba. Dakatarwa kuma tana da wurinta ga wanda ya cutar da wani ko ya ƙi gyaruwa, amma ba magani ba ce.

Ga abin da ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye. A makarantu da yawa, kasancewa cikin ɗakin da ake sha laifi ne ko ba ka sha ba. Yarinya mai hijabi tana kan gadonta tana karatu, abokiyar ɗakinta ta tara baƙi, kwalabe na kan tebur, ɗalibin da ke kula da benen ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aikinsa ya karɓi katin kowa ya rubuta sunan duk wanda ya gani. Ba ya tantance mai sha da marar sha, sai a gaban jami'i za a yi wannan.

Maman Sadik: Innalillahi. Malam, wannan ita ce ban taɓa ji ba. To Barista, wanda ya je da bizar karatu fa? 'Yan Najeriya masu karatu sun haura 20,000 a can a zangon 2023/2024.

Barista: Maman Sadik, a kansu ne hukuncin ya fi nauyi, kuma ƙa'idar makaranta ba ta cika la'akari da haka ba. Mai bizar karatu ta F-1 dole ya riƙe cikakken karatu, a digirin farko kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a zango. Ɗan ƙasa in aka dakatar da shi gida zai koma ya jira. Namu kuwa ofishin ɗaliban waje zai rufe rajistarsa a SEVIS, kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje, kuma babu kwanakin alfarma, sai ya bar ƙasar. Tuƙi ya fi muni: ga wanda bai kai 21 ba iyakar barasa a jini kashi 0.02 cikin 100 ce ko ƙasa, ba 0.08 ta manya ba, kuma tun 2015 Ma'aikatar Harkokin Waje na iya soke biza kan kamu kawai na tuƙi cikin maye, tun kafin shari'a. Katin shaida na jabu kuma a Fulorida babban laifi ne mai ɗaurin har shekara biyar.

In takarda ta zo, kada yaro ya ruga ya biya tarar don maganar ta mutu, a kotuna da yawa biya amsa laifi ne. Ya nemi lauyan da ya san dokar shige da fice, ya tambayi ko akwai tsarin jingine hukunci. Fom ɗin neman biza na DS-160 yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko da an yi afuwa daga baya, kuma ƙarya a wurin ta fi laifin farko illa. A makaranta ya nemi ganin rahoton da aka rubuta kafin zama, ya duba wa'adin ɗaukaka ƙara, don sau da yawa 'yan kwanaki ne.

Baban Yusra: Ashe ma ba lallai uba ya ji ba sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada?

Malam Mai Kula da Ɗalibai: Haka ne, Alhaji. Dokar FERPA mai kare sirrin bayanan ɗalibai, bayan gyaran 1998, ta ba makaranta damar sanar da iyayen wanda bai kai 21 ba, amma ba ta tilasta mata ba. Wasu sai a karo na biyu suke kira. In kana so ka riƙa ji, yaron ne zai sa hannu a takardar izini a ofishin rajista. Kuma tun lokacin cike fom ɗin masauki, ya nemi benen da aka keɓe wa marasa sha, makarantu da yawa suna da shi, gurabensa ne ke saurin cika.

Kawu: Na karɓi maganar afuwar mai kiran asibiti, da ta yaron da aka tarar a ɗaki bai sha ba. Ta 21 kuwa ina nan a kan bakana.